Tambayoyi da amsoshi kan tsuntsaye biyu masu rawayan wuya: ɗaya ya cika nahiya, ɗaya ya rage a dausayin Baja

Assalamu alaikum jama'a. Kwanakin baya na yi magana a kan wasu 'yan tsuntsaye guda biyu na Amurka ta Arewa masu kama da juna kamar an tsaga kara, amma ɗaya yana nan birjik ɗayan kuma ana ta fargabar kar ya ƙare, to tun lokacin tambayoyi suke ta shigowa, wasu ma iri ɗaya ake ta maimaitawa, shi yasa nace bari in tattara su waje ɗaya in amsa.

Malam wai su waye tsuntsayen nan, kuma meye sunansu?

Na farko Turawa suna ce masa Common Yellowthroat, wato mai rawayan wuya na gama-gari, sunansa na kimiyya Geothlypis trichas. Na biyun kuma Belding's Yellowthroat, a kimiyyance Geothlypis beldingi. Don kar mu yi ta wahalar da harshe, a nan zan riƙa ce wa na farkon gama-gari, na biyun kuma ɗan Belding. Duk gida ɗaya suka fito, dangin da masana suke kira Parulidae, ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari waɗanda sai a nahiyoyin Amurka ake samunsu. Mutanen Meziko mascarita suke ce musu, ma'ana ɗan ƙaramin abin rufe fuska, gama-garin shine mascarita común, ɗan Belding kuma mascarita peninsular. Ni dai sunan 'yan Meziko ya fi kwanta min a rai saboda baƙin nan na fuska shi ido yake fara gani kafin rawayan wuyan.

Akwai su a ƙasar Hausa?

A'a babu. Ko a Afirka gaba ɗaya ba a samunsu. Ƙananan tsuntsayen da suke zuwar mana daga Turai lokacin sanyi suna shiga ciyayin fadama wani dangi ne daban, girman jiki da yanayin rayuwa ne kawai ya zo ɗaya. Shi gama-garin wani lokaci iska takan kwaso ɗaya ta tsallakar da shi tekun Atlantika ya faɗo Ingila, amma wannan abu ne da ake daɗewa ba a gani ba, kuma duk sanda ya faru masu kallon tsuntsaye har tafiya suke yi takanas don su ganshi.

To in mutum ya gansu ta yaya zai bambance?

Fara da namiji don shi yafi sauƙi. Namijin gama-gari ɗan mitsitsi ne, tsawonsa daga baki zuwa ƙarshen wutsiya santimita 11 zuwa 13, nauyinsa wajen giram 10, kaga ko rabin ƙaramin batirin tocila bai kai ba. Bayansa kore ne mai duhu da ya ɗan ja zuwa ruwan ƙasa, wuyansa da ƙirjinsa rawaya ne shar kamar ɗorawa, cikinsa kuma yakan ɗan kwaɗe ya yi fari-fari. Sai fuskar, baƙi ne ya taso daga goshi ya bi ta idanu ya sauka gefen wuya, kamar wanda ya rambaɗa kwalli har ya wuce iyaka, sannan a saman baƙin akwai wani layi fari ko ruwan toka da ya yi masa iyaka. Wannan layin shi za ka riƙe.

Ɗan Belding ya ɗan fi girma, wajen santimita 14, bakinsa ma ya fi tsawo da kauri. Baƙin fuskar yana nan amma layin da ke samansa rawaya ne maimakon fari, kuma rawayan jikinsa bai tsaya a ƙirji ba, ya sauka har ƙasan ciki. Wato in kaga tsuntsu duk ya yi rawaya, gaba da ciki da saman fuska, a kudancin Baja, wani zirin ƙasa na Meziko, to shine.

Amma fa akwai wani ɗan rikici. Shi ɗan Belding kashi biyu ne. Na can kudu sosai, wajen San José del Cabo da Todos Santos, shine mai rawaya sosai ɗin da na siffanta. Na arewa kuma, wajen San Ignacio da La Purísima da Comondú, wanda ake kira goldmani, cikinsa ya fi haske kuma layin fuskarsa yakan koma fari-fari ta baya, sai ya ɗan yi kama da gama-gari. A ɗaya ɓangaren kuma akwai wani reshen gama-gari a tafkin Chapala na jihar Jalisco da shi ma layin nasa rawaya ne. Shi yasa masu abin suke cewa kar ka dogara da launi kaɗai, ka haɗa da wurin da ka ganshi da girman jiki da kuka.

Matan fa?

Matan ba su da baƙin fuska ko kaɗan, duka biyun. Ruwan ƙasa-ƙasa ne da kore da ɗan rawaya a wuya da ƙasan wutsiya. Macen Belding ta fi rawaya kuma ta fi girma, amma gaskiya ko gwanaye sai sun natsu sosai kafin su yanke hukunci.

Baƙin fuskar nan ado ne kawai ko yana da amfani?

Yana da amfani sosai a wajen neman mace. An yi bincike a jihar Wisconsin aka ga mazan gama-gari masu faffaɗan baƙin fuska sun fi samun mata, a jihar New York kuma sai aka ga rawayan ƙirjin ne matan suka fi dubawa. Tsuntsu iri ɗaya amma abin da ake so a jikin namiji ya bambanta daga gari zuwa gari.

Yaya kukansu yake?

Gama-gari kukansa yana fita kamar wici-ti wici-ti wici-ti, yana maimaitawa sau uku ko huɗu da ƙarfi fiye da yadda za ka zata daga ɗan wannan jikin. Yawanci ma kukan za ka fara ji kafin ka ganshi. Ranar da na fara ganinsa a bakin wani ɗan tafki a watan Mayu, na fi minti 20 a tsaye ina jin kukan a cikin ciyawa dab da ƙafata amma babu tsuntsu babu alamarsa, sai ganye ne kawai yake motsi nan da can, can sai gashi ya hauro kan wani busasshen kara, ya ɗaga wutsiya sama, ya karkata kai ya kalle ni da ido ɗaya, ya buɗe baki ya yi kukan har wuyan nan mai rawaya yana rawa, kafin in ɗaga waya ya sake nutsewa cikin ciyawa. Haka ɗabi'arsa take, ƙasa-ƙasa yake rayuwa, ba tsuntsun saman bishiya bane.

Na ɗan Belding tsarin kukan ɗaya ne amma ya fi kauri da cika.

Ina kowanne yake zama? Naji kace nan ne asalin bambancin.

Ƙwarai kuwa, nan ne maganar take gaba ɗaya. Gama-gari yana hayayyafa tun daga kudancin Kanada, ya ratsa kusan duk jihohin Amurka, har tsakiyar Meziko. In sanyi ya kawo kai na arewa sai su yi ƙaura cikin dare zuwa jihohin kudu na ƙasar Amurka da Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan, in yanayi ya yi ɗumi su dawo. Kuma ba shi da tsirfa wajen zaɓen masauki, fadama ce, bakin rafi ne, gefen gona ne mai duhuwar ciyawa, tsohuwar saura ce da ta cika da ƙananan itatuwa, in dai akwai ciyawa mai kauri a ƙasa da ɗan danshi zai zauna. In an lalata masa nan gobe ya koma can.

Ɗan Belding kuwa ba haka yake ba. Duk duniya babu inda yake sai jihar Baja California Sur ta Meziko, ana furta sunan Baha ne ba Baja ba. Jihar ita ce rabin kudu na wani dogon zirin ƙasa da ya miƙe cikin teku sama da kilomita 1,200, tekun Pasifik ta yamma, mashigin tekun Kaliforniya ta gabas, kuma mafi yawansa hamada ce da duwatsu da itatuwan ƙaya, ruwan sama kaɗan ne ƙwarai. Sai dai nan da can akwai inda ruwa yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa ya yi ɗan tafki ko ɗan rafi, dabino da ciyayin ruwa su kewaye shi, dausayi kenan, irin wanda duk wanda ya san arewacin Nijar ya sani. To a cikin waɗannan dausayin kaɗai tsuntsun nan yake rayuwa, kuma ba a ko'ina cikin dausayin ba, sai inda kachalla da dogayen ciyayi masu kama da kara suke tsaye a cikin ruwa mai daɗi. Ba ya ƙaura. Daga wannan dausayi zuwa na gaba kan iya zama tafiyar kilomita da yawa ta cikin busasshiyar ƙasa.

Saboda haka in ka kalli taswira za ka ga kamar yankinsa yana da ɗan faɗi, amma in ka tattara ainihin ciyawar da yake iya zama a ciki ka haɗa waje ɗaya, 'yar kaɗan ce. Kamar mutum ne a ce masa duk jiha taka ce amma ɗaki uku ne kawai a cikinta yake da rufi.

Tsaya, kachalla dai da muka sani?

Ita fa. Kachallar da ta addabi manoma da masunta a fadamar Haɗejiya da Nguru, ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki ta zama maɓoyar jan-baki, jinsinta ɗaya da wadda ke dausayin Baja, Typha ake ce mata a kimiyyance. Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a wajen Nguru ya ga yadda take tsayawa ta fi mutum tsawo ta rufe ko'ina, zai yi mamakin a ce akwai inda ake roƙon a bar ta. A wajenmu ta yi yawa ne bayan madatsun ruwa sun canza yadda ruwa yake zuwa yake tafiya, a can kuma ita ce ɗakin kwana da kicin da ɗakin haihuwa na wannan tsuntsun, kuma kullum raguwa take. Ban kawo wannan don in ce a bar kachallar Nguru ba, matsalar mutanen can ta gaske ce, na kawo ne don mai karatu ya gane irin wurin da ake magana.

Waye shi Belding ɗin?

Lyman Belding, Ba'amurke ne da aka haifa a 1829 ya rasu a 1917, ya zauna a Kaliforniya. A ƙuruciyarsa ya yi aiki a jiragen ruwa masu farautar ƙaton kifin nan da Turawa ke ce wa whale, sai da ya manyanta ya shiga harkar tsuntsaye gadan-gadan, ya yi tafiye-tafiye zuwa Baja a farkon shekarun 1880 yana tattaro samfur yana aikawa cibiyar Smithsonian da ke Washington. A can masanin tsuntsaye Robert Ridgway ya duba ya ga wannan wani tsuntsu ne daban, ya yi bayaninsa a 1882 ya sa masa sunan Belding. Reshen arewa kuma an sa masa sunan Edward Goldman, wani masanin da ya karaɗe Baja tare da Edward Nelson a 1905 zuwa 1906. Shi gama-gari ya riga shi shiga littafi da sama da shekara 100, Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, shi ya sa masa suna tun 1766, da can ma mai rawayan wuya na Maryland ake ce masa.

Me suke ci, kuma yaya suke sheƙa?

Ƙwari ne abincinsu, ƙuda, ƙananan fara, tsutsa, gizo-gizo, duk abin da suka tsinta a jikin ganye. Macen gama-gari ita take gina sheƙa, kamar ɗan ƙoƙo da ciyawa, a ƙasa ko dab da ƙasa cikin duhuwa. Takan saka ƙwai 3 zuwa 5, ta yi kwanci wajen kwana 12, 'ya'yan su bar sheƙa cikin kwana 8 zuwa 10 tun ba su iya tashi sosai ba, uwa da uba su ci gaba da ciyar da su. Macen Belding a jikin kachalla take ɗaura tata, ƙwai 2 zuwa 4.

Akwai wani baƙin tsuntsu mai ruwan ƙasa a kai da ake ce wa cowbird saboda yawan bin shanu, shi ba ya gina sheƙa sam, macen sai ta faki ido ta je ta saka ƙwanta a sheƙar wasu, kuma gama-gari yana cikin waɗanda ta fi yi wa haka. Ɗan baƙon ya fi girma ya fi ci, sai ya danne 'yan gida. Wani lokacin macen gama-gari in ta gane sai ta bar sheƙar gaba ɗaya, ko ta shimfiɗa sabon daɓe a kan ƙwan baƙon ta binne shi ta sake saka nata a sama.

To yanzu meye matsayinsu a wajen masu kare halittu?

Akwai ƙungiyar IUCN mai hedikwata a Suwizalan, an kafa ta a 1948, ita take fitar da abin da ake kira Jan Kundi tun 1964, inda ake jera halittu gwargwadon kusancinsu da ƙarewa. A ɓangaren tsuntsaye ƙungiyar BirdLife International ce take yi mata aikin tantancewa. Matakan kamar tsani ne. Na ƙasa shine wanda babu damuwa a kansa, LC. Sai wanda ya kusa shiga haɗari, NT. Sai matakai uku na haɗari, mai rauni VU, wanda ke cikin haɗari EN, da wanda ke bakin ƙarewa CR. Daga nan sai wanda ya ƙare a daji ya rage a hannun mutane, sai wanda ya ƙare ƙurmus.

Gama-gari yana matakin farko, LC, yawansa ana maganar gomman miliyoyi ne. Ɗan Belding kuwa a shekarun 2000 yana can sama a CR, daga baya aka sauko da shi EN, sannan aka sake saukowa da shi VU. Yawansa in an yi yawa 'yan dubbai ne ƙalilan. Ita gwamnatin Meziko a nata kundin, wanda ake kira NOM-059, ta saka shi cikin waɗanda ke fuskantar haɗarin ƙarewa.

Ah to tunda an sauko da shi ai ya tsira kenan ko?

Wallahi wannan ita ce tambayar da tafi damuna, don nan mutane da yawa suke yin kuskure. Saukowa daga CR ba wai yana nufin tsuntsun ya hayayyafa ya ƙaru bane. Babban dalili shine an ƙara fita nema. A ƙarshen shekarun 1990 wuraren da aka tabbatar yana nan kaɗan ne sosai, akwai ma inda aka sanshi a da aka koma ba a ganshi ba, Ricardo Rodríguez-Estrella na cibiyar bincike ta CIBNOR da ke La Paz da abokan aikinsa suka bi dausayi-dausayi suka wallafa sakamakonsu a 1999, wannan ya ja hankalin duniya. Bayan nan sai masu bincike da masu kallon tsuntsaye suka yi ta shiga lungu-lungu, sai aka riƙa gano shi a wasu wuraren da ba a taɓa dubawa ba. Wato dama can yana nan, mu ne ba mu sani ba. Kamar makiyayi ne ya ƙirga garkensa da daddare ya samu 20, gari ya waye ya sake ƙirgawa ya samu 35, ai ba haihuwa suka yi cikin dare ba, kuma in annoba tana cikin garken tana nan ba ta tafi ba.

Abin farin ciki ne a ce ya fi yadda ake zato yawa, ban musa ba. Amma VU ɗin ma matakin haɗari ne, kuma duk abubuwan da suke cin ciyawar tasa babu wanda ya tsaya. Abin da nake tsoro shine in harafi ya canza a kundi sai kuɗin tallafi da hankalin hukuma su koma wani wajen.

Su meye abubuwan da suke cinye masa muhallin?

Wuta ita ce gaba. Mutane sukan cinna wa kachalla wuta don su buɗe hanya zuwa ruwa ko su samu sabon tsiro na dabbobi ko su share fili, wani lokacin kuma ganganci ne kawai, kuma busasshiyar kachalla haɗe da busasshen ganyen dabino kamar fetur take. In ta kama lokacin sheƙa, ƙwai da 'ya'ya duk sun tafi. Ciyawar takan sake tsirowa, amma kafin nan ina tsuntsun zai je, tunda babu wata fadama a kusa?

Sai ruwa. Garuruwa suna girma, gonaki suna buƙatar ban-ruwa, ana ta haƙa rijiyoyin burtsatse ana zuƙe na ƙasa, in ruwan ƙasa ya ja baya sai idon ruwan ya rage ƙarfi dausayi ya tsuke. Sai shanu da dawakai da suke shiga su tattake su cinye. Sai yankan ciyawar don rufin rumfa.

Sai kuma babbar magana, yawon buɗe ido. Yankin Los Cabos da ke can ƙarshen zirin ya zama ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa na Meziko, otal-otal, filayen wasan golf, tashar ƙananan jiragen ruwa, gidajen masu kuɗi, ga dubban ma'aikata da suka kwararo daga wasu jihohi suna neman abinci su ma sai an ba su ruwa da matsuguni. Kuma fadamar San José del Cabo, ɗaya daga cikin wurare mafi muhimmanci ga reshen kudu, tana nan a tsakiyar wannan hada-hadar, a bakin teku inda ƙasa ta fi tsada.

Na ƙarshe guguwar teku. Yankin yana kan hanyar manyan guguwa masu tasowa daga Pasifik, kamar Odile da ta afka wa Los Cabos a watan Satumba 2014. In irin wannan ta zo, ruwa ne yake gangarowa daga duwatsu ta busassun koramu da ƙarfin tsiya ya tumɓuke kachalla ya tafi da ita teku. Guguwa dai tun fil azal ake yinta kuma tsuntsun ya saba, amma da can in wuri ɗaya ya lalace akwai wasu da za su cike gurbi, yanzu da wuraren suka ragu suka kuma ƙanƙance bugu ɗaya yana iya share na wani dausayin gaba ɗaya.

Shi gama-garin kenan ba shi da wata matsala?

Yana da ita, yawa ne ya rufe. Tun 1966 ake wani ƙidayar tsuntsaye duk shekara a Amurka da Kanada, 'yan sa-kai ne suke bin hanyoyi da sassafe suna tsayawa suna rubuta abin da suka ji da wanda suka gani, kuma wannan ƙidayar ta nuna gama-gari yana raguwa a hankali a hankali tsawon shekaru. Ba shi kaɗai ba, binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun 1970, kuma yawancinsu irin waɗannan ne da ake ganin suna da yawa. Cike fadamu, maganin ƙwari a gonaki, kyanwoyin gida da ake sakewa suna yawo, duk suna ci.

Sai gilashi. Tunda cikin dare suke ƙaura fitilun birni suna ruɗa su, da safe kuma su ga hoton bishiya a jikin gilashin bene su zata hanya ce. Wata safiya a watan Oktoba na tsinci ɗaya a gindin wani dogon gini mai gilashi, namiji, ko ɗigon jini babu, idonsa a rufe ƙafafunsa a dunƙule. Na ɗora shi a tafin hannuna wallahi kamar ban riƙe komai ba don rashin nauyi, gashin wuyan nan laushi kamar auduga, na tsaya ina tunanin daga ina ya taso, wataƙila ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a daren. Ranar duk ban ji daɗi ba.

Kuma ko cikin gama-garin akwai rassan da suke cikin matsi, misali wanda ke zaune a fadamun gishiri na gaɓar San Francisco, jihar Kaliforniya ta saka shi cikin waɗanda ake sa wa ido na musamman saboda yawancin fadamun wajen an cike su. Kaga shi ma da zarar ya zama ɗan wuri ɗaya sai labarinsa ya fara kama da na ɗan Belding.

Me zai hana a kama su a kiwata a keji kamar kanari?

Kanari tsaba yake ci shi yasa kiwonsa yake da sauƙi. Waɗannan ƙwari masu rai suke buƙata tun safe har yamma, ga tsoro, ga son duhuwa. Kuma ko an yi nasara an samu 'ya'ya ina za a sake su? Tsuntsun bai kasa haihuwa ba, in ya samu kachalla da ruwa yana abinsa lafiya lau, wurin ne yake ƙarewa. Kuɗin da za a kashe a keji gara a kashe shi wajen hana wuta da tsare ruwan.

Ana yin wani abu dai a kai?

Ana yi. Fadamar San José del Cabo gwamnatin jiha ta ayyana ta a matsayin wurin da aka keɓe tun 1994, a 2008 kuma ta shiga jerin Ramsar, yarjejeniyar nan ta kare fadamu da aka ƙulla a Iran a 1971, wadda tafkin Nguru ma yake ciki. Ƙungiyar Pronatura Noroeste ta yi aiki a wajen, ƙidaya, wayar da kan jama'a, horar da 'yan gari su zama masu raka baƙi kallon tsuntsaye. Wannan na ƙarshen ina ganin shi yafi ma'ana, don akwai masu tasowa daga ƙasashe masu nisa don kawai su ga wannan tsuntsun tunda babu shi a wani wuri, in mutumin gari ya san kachallar nan tana kawo masa abinci shi zai fara kashe wuta in ta tashi. Amma fa ayyana wuri a takarda daban, tsare shi daban, fadamar San José ɗin har bayan samun waɗannan sunayen ta sha gobara.

Su biyun ne kawai a gidan?

A'a, gidan Geothlypis yana da yawa. Akwai na Altamira a fadamun arewa maso gabashin Meziko, akwai mai baƙin kai na tafkunan tsakiyar Meziko irin su Pátzcuaro da Cuitzeo da fadamar Lerma, akwai na tsibiran Bahamas. Na Altamira da mai baƙin kan su ma fadama ce rayuwarsu kuma su ma ana damuwa da su saboda busar da fadamun.

Suna taɓa haɗuwa kuwa, gama-gari da ɗan Belding?

Suna haɗuwa duk shekara. In sanyi ya sauka a arewa, wasu daga cikin gama-garin sukan gangaro Baja su sauka a dausayin nan dai da ɗan Belding yake, don haka daga wajen Oktoba zuwa Maris za ka iya tsayawa a bakin ruwan San Ignacio, ƙarƙashin dabinon da 'yan mishan na Sifaniya suka kawo irinsa bayan sun kafa cocinsu a wajen a 1728, ka ga su biyun a cikin kachalla ɗaya suna tsintar ƙwari, a nan ne sai ka lura da girman jiki da baki da layin fuska da kyau kafin ka rubuta wanda ka gani. In Afrilu ta kama baƙin sukan tashi cikin dare su nufi arewa, ɗan Belding ya rage shi kaɗai a wajen, lokacin ne matan suke fara ɗaura sheƙa a jikin kachallar.